Kurfotin Fusena

Ku da kuke koyon gyaran batir a hannuna a nan Magazin, unguwar makanikai, kuna cewa na cika faɗa a kan dalma. To, akwai wata Asabar da har gobe ba ta bar raina ba.

Idan kan batir ya cinye, mukan narka guntayen dalma a ludayin ƙarfe mu zuba masa sabon kai. A shago da wutar gas muke yi, a fili, inda iska ke kaɗawa.

Issaka abokin aikina mutum ne da ba ya iya zama haka kawai. Da ruwan damina ya riƙa tsayar mana da aiki, sai ya ce zai dinga narka tarkacen a gida, a unguwar Akwatiya Layin, ya kawo mana a dunƙule. Muka yi ta gardamar wutar da ta fi: risho ba ƙarfi, itace sai hayaƙi. Na ce gas, kuma a waje. Ya ce, "Yoo, na ji."

Bayan wasu watanni 'yarsa Rahi, da ba ta daɗe da fara magana ba, ta kwanta. Ciwon ciki, amai, surutun ma ta daina. An sha rubutu, an sha maganin zazzaɓi, shiru. Ranar Asabar na je dubiya.

A baranda na tarar da matarsa Fusena tana gasa agada, babbar ayabar nan, a kurfoti, murhun gawayin nan na ƙarfe. Na ga wasu ɗige-ɗige irin na dalma suna ƙyalli a jikin wayar da take gashin a kai. Na nuna mata su.

"Fusena, wannan fa?"

"Na baban Rahi ne. In ya gama narka ƙarfensa wuta na saura, sai in ɗora abinci. A bar gawayi ya ci banza? Maƙwabta ma suna zuwa ɗiban wuta."

Na juya wajen Issaka. Ya ce, "Maigida, gidan haya ne, yara ko'ina. Silindan gas zai iya fashewa. Don su na zaɓi gawayi."

Ana cikin haka Rahi ta miƙo min hannu daga kan tabarma, wai in ga abin wasanta. Ƙwayoyin dalma ne da ta tsince a toka, jiƙe da yawu. Wallahi salati kawai na iya yi. Na saɓa ta a kafaɗa, muka tare tasi sai asibiti. Aka gwada jini, likita ta ce dalma ce, a kawo sauran yaran gidan.

Mu manya biyu mun ɓata yini muna auna wutar da ta fi narka dalma, ba wanda ya tambayi wa zai ci abinci a kanta. Shi ya sa dalma ba ta bin kowa gida daga shagon nan.

Rahi ta rayu, amma dalmar ta taɓa mata ƙwaƙwalwa. Yanzu ajinsu ɗaya da ƙaninta, shi ne yake riƙe mata hannu tana rubuta sunanta.