Rantsuwar Baba a Sinja

Shekara biyu na yi a ɗakin injin jirgin ruwa, ina zuba mai, ina goge ƙarfe, ina shan zafin da ko gidan burodi albarka. Ni da na tashi a ƙauye bakin kogi, ban taɓa ganin injin da ya wuce na famfon ban-ruwa ba, sai ga ni a Bur Sudan ina taƙama da baƙin mai a farce. Burina ɗaya ne, in zauna jarrabawa in sami takardar injiniyan jirgi, a daina aike na ɗauko sifana.

Sharuɗɗan ba su ba ni tsoro ba. Ana son littafin da babban injiniya ya sa wa hannu, mai nuna watannin da ka yi jirgi yana tafiya, don kwanakin da ya yi a ɗaure a tasha ba a sa su. Likita zai duba ido da kunne. Daga nan sai rubutu, sai kuma a tsare ka da tambayoyi baki da baki. Duk na shirya, har ina jin kaina. Magatakarda ya juya takarduna ya ce saura jinsiyya, wato shaidar zama ɗan ƙasa, in babu ita babu kujerar jarrabawa. Saura mako uku a rufe karɓar suna.

A lokacin, kafin a ba irinmu jinsiyya, sai wani babba na gida ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa kakanka yana ƙasar tun kafin Turawa su shigo. Kakana kuwa bayan shigowarsu ya iso. Daga Sakkwato ya taso da niyyar Makka, ya yada zango bakin kogi, zangon ya zama gari. Kowa a ƙauyenmu ya san haka.

Na koma ƙauye, na tarar da Baba a ƙarƙashin rumfa bayan La'asar, ya dawo daga hawasharsa, gonar audugar da yake nomawa. Shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, kuma tun tasowata ban taɓa jin ya ce ko wallahi a ciniki ba. Na yi ta kewaye-kewaye har ya gaji.

“Mi kaka so in ce musu?”

Na ce ya ce a Sinnar, nan cikin Sudan, aka haifi kaka.

“Ubana Sakkwato anka haihe shi. Da ƙafa tai ya zo.”

Abin da na mayar masa har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce mutum nawa suka yi irin wannan rantsuwa a garin nan, ƙasa ba ta haɗiye su ba. Na ce in yana so in dawo tsinkar auduga har gadon bayana ya karye, ya faɗa mini. Na ɗaga masa murya, a gidansa, Inna tana jiyowa daga madafa. Da ya tashi tafiya Magariba sai ya ce, “Tayyib. Gobe mu tahi.”

Muka hau lori zuwa Sinja, inda ofishin jinsiyya yake. A hanya ina ta koya masa abin da zai faɗa, kamar mai biya wa yaro allo, shi kuma yana kallon gonaki. A ofis muka sami jami'i mai gashin baki, ga Alƙur'ani a naɗe cikin ƙyalle a gefen tebur. Ya tambayi Baba ko yana da alwala. Baba ya ce yana da ita. Ya tambaye shi da Larabci inda aka haifi mahaifinsa.

Baba ya ɗora hannu. Na zuba wa hannun ido, duk ya farfashe da aikin gona. Ya ce, “Sinnar.” Jami'in ya sake tambaya, ya sake faɗa. Aka buga hatimi.

Ba zan ɓoye ba, murna na yi. Ko ɗigon nadama ban ji ba a ranar. Na kai shi wurin mai shayi a kasuwa, ya riƙe kofin har ya huce. Na sa shi a lorin ƙauye, ni kuma na kama hanyar gabas, kaina cike da bawul da fistan.

Na ci jarrabawar. Mai tambayar baki da baki ma har ya ce kunnena yana jin ciwon inji. Bayan wata huɗu na dawo gida da takarda a cikin kwali, mata suka yi guɗa, abokai suna tsokana ta da “bash-muhandis”, wato babban injiniya. Baba ya karɓi takardar, ya duba, ya sa mini albarka, ya miƙo mini.

Da Magariba na shiga masallaci, sai na ga wani maƙwabcinmu a gaba, mutumin da karatunsa bai kai rabin na Baba ba. Na waiga. Baba yana sahun ƙarshe, kusa da takalma.

Da na koma gida na tambayi Inna. Tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba.

“Tun randa kunka dawo Sinja ya ce gwiwa tai na ciwo, a nemi wani.”

Na ce ai ɗazu na gan shi ya dawo gona da ƙafa, da dami a ka.

“To,” in ji ta.

Shekara goma sha ɗaya ya ƙara a duniya, bai sake shiga gaban kowa a salla ba. Ni kuma ban taɓa iya buɗe baki na ce ya yafe mini ba.