Ƙanin Mijina da Ya Wanke Mini Waya

Da alherinsa zan fara, don kada gobe ƙiyama a ce na ɓoye. Wata biyu bayan rasuwar maigidana, ina zaune a bakin ƙofar ɗakina, ina kai waya kusa da hanci ina janye ta, ina neman addu'ar safe da 'yata ta saka mini, rubutun duk ya koma tururuwa. Ƙanin marigayin ya fito da buroshi a baki, ya tsaya yana kallona. Ya goge hannu a riga, ya karɓi wayar, ya latsa nan ya latsa can, ya miƙo mini. Sai ga haruffa manya-manya, kowanne da kansa da ƙafarsa. Ya ce, "Matar Yaya, yanzu ko daga gidan maƙwabta kya karanta." Ya wuce ya tofar da kumfa a gindin famfo.

Alherin ke nan. Sauran abin da zan rubuta ba alheri ba ne.

Lasifika ake kiransa, har uwar da ta haife shi wani lokaci bakinta kan suɓuce ta kira shi haka. Gida ɗaya muke. Ɗakina yana ƙurya, na surukata yana tsakiya, nasa yana bakin ƙofa, don haka duk mai shigowa sai ya ratsa ta cikin kiɗa kafin ya yi sallama. Maigidana kafinta ne, kuma shekara huɗu ya yi yana jan ƙanin nan nasa zuwa shago. Ya koya masa awo, ya koya masa riƙon zarto. Rana ɗaya ƙanin ya ajiye guduma ya ce ƙarar injin yankan katako tana kashe masa kunne, shi kuwa da kunnensa zai ci abinci. Ya haɗa wa kansa tebur, ya kafa lema a bakin titi, ya zama mai gyaran waya. Marigayi bai yi masa faɗa ba. Ya daina yi masa maganar aiki ne kawai, har ya koma ga Allah.

Abin da ke tsakanina da Lasifika abu ɗaya ne, kuma bai cika minti ɗaya ba. Saƙon murya ne da maigidana ya turo mini daga wurin aiki, kwana biyu kafin ciwon da ya ɗauke shi. Ba ni da wata muryarsa sai wannan. Da tsohuwar wayata ta fara shaƙewa, 'yata ta mayar da saƙon cikin memori, ɗan katin nan da bai kai farce ba, ta ce nan ya fi aminci. Daga ni sai ita muka san da shi. Kullum in na idar da sallar asuba na gama lazimi, sai in kara wayar a kunne in saurara sau ɗaya. Sau ɗaya tak, don ina tsoron ya zame mini wani abin da Allah ba ya so.

A cikin saƙon ana jin bugun guduma a bayansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Ke, ba zan dawo da rana ba. Ki shigar da katakon nan na tsakar gida, hadari nake gani." Sai ya ƙara da cewa, "Kuma na bi ta gaban teburin yaron nan. Ƙafafun sun zauna daram. Ki ce masa hannunsa ya fi nawa lokacin da nake kamarsa. Kai, bar shi ma, kada ki faɗa, kansa zai kumbura. Ni zan faɗa masa da bakina." Shi ke nan. Na shigar da katakon, na kuma yi shiru kamar yadda ya ce.

Teburin yana nan har yau a ƙarƙashin lema. A kansa akwai tsohon buroshin haƙori da yake goge cikin waya da shi, da madubin ƙara girman abu, da murfin kwalba cike da ƙananan kusoshi, da kwamfuta mai tsagaggen baki wadda ya ɗaure da salatif. A ƙasa kuma akwatin kiɗan da ya jawo masa sunansa. Ban taɓa ganin mutum ya ji waƙa kamar yadda yake ji ba. Ba ya bari ta wuce salin alin. Mai waya na tsaye yana jira, sai ya ɗaga masa yatsa ya ce, "Tsaya, tsaya! Ji inda ganga za ta shigo. Ka ji? Ba ta shigo inda ka zata ba, sai da ta bari ka gaji da jira." Ya mayar baya, a sake ji. Ya san mawaƙiyar da ke jan numfashi kafin amshi, ya san wanda inji ya gyara wa maƙogwaro. Da rabin wannan natsuwar ya kai masallaci, da tuni shi ke jan sahu.

Akwai wata waƙa da ya yi sati uku yana sakawa, mai wani siririn busa a farkonta. Ranar nan ina raka'a ta uku a la'asar, na ji busar tana yawo a kaina, har na rasa ko ta uku ce ko ta huɗu. Da na sallame na fita na same shi.

Na ce, "Kai, ka shiga tsakanina da sallata."

Ya ce, "Wacce ce ta kama ki, matar Yaya? Mai busar ko? Wallahi kina da kunne! Inna, zo ki ji, ustaziya ta kamu!"

Surukata ta yi dariya har da riƙe ciki. Dama ita komai autanta ya yi daidai ne.

Ranar da ake nuna shirin barkwancin da suke so kuwa, tun kafin rana ta faɗi yake naɗe lema. Shirin wani mai aski ne da bai iya aski ba, kowa ya zauna a kujerarsa sai ya tashi da rabin kai. Ɗa da uwa su zauna gaban talabijin a ɗakinta, ƙofa a buɗe. Shi ya riga ya gani a waya, don haka kafin a yi abin dariyar ya fara tasa, yana dukan cinya yana cewa, "Inna, kalli fuskarsa, kalli, yanzu zai juyo!" Ya ce wai gwanintar mutumin ba a magana take ba, a shirun da yake yi ne kafin ya amsa. Ni dai abin da na gani, ana kiran magariba yana cewa saura kaɗan.

Waya kuma a wurinsa ba ta da aibu. Ga wadda ke buɗewa in ta ga fuskarka, ga wadda za ka yi wa magana ta amsa. Ya ɗauki surukata hoto ya saka mata kunnen mage, ita kuma tana murna tana a tura wa jikoki. Wata rana ya zo ƙofata yana washe baki, ya ce akwai sabon abu, in ba shi hoton Yaya zai sa ya motsa, ya ƙifta ido, ya yi murmushi. Na ce mutumin da ke kwance yana jiran hisabi za ka sa ya ƙifta mini ido? Ya ce, "Ai don ki ji daɗi ne." Na saki labule a fuskarsa.

Duk da haka, da bakin cajin wayata ya lalace, shi na kai wa. Sai da na yi kwana biyu ina ɗaure igiyar cajin da roba ina jingina ta da kofi. Wa zan kai wa, ga mai gyara a gida? Na san halinsa da wayoyin mutane, unguwa duk ta sani: duk wayar da ta hau teburinsa, sai ya share tsofaffin tarkacen da ke cikin memori, wai wanki, ya cika shi da sababbin waƙoƙi da barkwanci kyauta. Saboda wannan kyautar ma samari ke tsallake masu gyara biyu su zo wurinsa. Amma na ɗauka wayar gwauruwa mai carbi ba za ta shiga wannan layin ba. Na ce masa, "Bakin cajin kawai." Ya ce, "An gama." Ban ce akwai wani abu a ciki ba. Kunya ta hana ni. Yaya zan tsaya a bakin titi in gaya wa ƙanin mijina cewa kullum da asuba ina sauraron muryar wansa?

Da yamma ya kawo ta da kansa, ya goge gilashin yana sheƙi.

"Ga amaryarki. Caji yana shiga kamar ruwa. Na kuma yi miki wanki, memorin nan ya cika da shara. Na zuba miki masu sanyi-sanyi, irin na manya, babu ta rashin kunya ko ɗaya. Mai busar nan ita ce ta farko. Ga mai aski kashi goma, ki daina leƙe daga bayan labule."

Na karɓa na shiga inda na saba shiga. Sunayen waƙoƙi ne jere, na ja, na ja, ba su ƙare ba. Na fita na sake shiga. 

Na ce, "Ina abin da ke ciki?"

"Wane abu? Wasu tsofaffin fayil ne marasa suna, lamba ce kawai."

"Ka saurara kafin ka share?"

"Haba, matar Yaya, ni ba na leƙa sirrin mutane. Sharewa kawai nake yi."

Ni ba mai ɗaga murya ba ce, shekara ashirin da shida maƙwabta ba su taɓa jin faɗana ba. Ranar sun ji. Na ce kai da ka san inda kowace ganga ke shigowa, kai da ke mayar da waƙa baya sau goma don numfashin wata 'yar iska, minti ɗaya na yayanka ne ba ka da kunnen ji? Na ce ka bar masa shago, ka bar masa guduma, yanzu ɗan abin da ya rage nasa a duniya ka share ka zuba mini mai aski. Surukata ta fito tana cewa me ya yi zafi, waya ce fa, yaro ya yi miki gwaninta. Na ce, "Inna, muryar ɗanki ce." Ta nemi bango ta dafa.

Shi kuwa murmushin bai gama sauka daga fuskarsa ba, ya tsaya a rabi. Ya ce, "Muryar Yaya? Akwai muryar Yaya a gidan nan?" Ya fizge wayar daga hannuna ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa.

Kwana uku akwatin kiɗa bai yi tari ba. Masu wucewa suna tambaya ko an yi rasuwa ne. In na leƙa ta ƙofar gida sai in gan shi ya duƙufa kan kwamfuta, ya kori masu kawo gyara. Ya kai katin wurin wanda ya koya masa aiki, ya kai wurin wani a babbar kasuwa. Duk magana ɗaya suka yi masa: da sharewa kawai ya yi, da an dawo da shi, amma waƙoƙin da ya zuba sun hau kansa sun danne. Na kira 'yata, ta ce ita ba ta ajiye ba. Wayar marigayi kuwa tun a asibiti ta ɓace. Abin da ya iya tsamowa hoto biyu ne, rabinsu toka-toka, da wani guntun ƙara kamar ana yaga tsumma.

A rana ta huɗu kiɗa ya dawo. A hankali dai, amma ya dawo. Wannan ma na rubuta shi.

Na sa 'yar maƙwabta ta cire mini katin gaba ɗaya, na ƙulle shi a gefen tsohon ɗankwali. Na daina amsa gaisuwarsa da fiye da abin da addini ya wajabta. Malamar da ke mana karatu ta ce wanda bai yi da gangan ba a yafe masa, na ce na ji. Da asuba yanzu in na gama lazimi, ina maimaita kalmomin a zuciyata, ban manta ko ɗaya ba. Amma muryar tana gudu. Rannan na nemi yadda marigayi yake faɗin "hadari" na rasa, sai tawa muryar nake ji.

Bayan sati biyu ina tsince shinkafa a tsakar gida, ya shigo da rana tsaka, lokacin da bai saba barin teburi ba. Babu waya a hannunsa, abin da ban taɓa gani ba. Ya tsuguna nesa da ni kamar baƙo, yana wasa da wani ɗan ƙusa a ƙasa.

Ya ce, "Matar Yaya, ba yafiya na zo nema ba, na san ban kai ba."

Na ci gaba da tsintata.

"Ni tunda na bar shago Yaya bai sake yi mini wata doguwar magana ba. Ina kwana, lafiya lau, shi ke nan. Jiya na zauna in tuna muryarsa, wallahi waƙa ɗari suka zo mini, tasa ta ƙi zuwa." Ya share hanci da bayan hannu. "Ke kin haddace, na sani. Don girman Allah ki faɗa mini abin da ya ce. Ko maganar cefane ce, ko ta katako, ina so. Ki faɗa mini daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai."