Kunnen Mai Guduma

Shekara ashirin da shida Mai Guduma ya yi a masana'antar bututun ƙarfe, har sunansa na gaskiya ya ɓace a bakin mutane. A ƙarshen layi yake tsayawa, inda bututu ke gangarowa da sauran ɗuminsa bayan an yi masa walda. Sai ya ƙwanƙwasa shi da 'yar gudumarsa, ya kasa kunne. Lafiyayyen bututu amonsa dogo ne, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take kamar ta mai mura. Irin wannan sai ya zaga masa jan alli a ture shi gefe.

Kunnen dama ne ya fara tafiya. Da na hagu ya bi sahu, sai ya koyi ɗora tafin hannu a jikin ƙarfen, yana jin rawar da yake yi bayan duka. A rumfar aikin kuwa, dama can ba mai jin wani, injin yanka na kuka, na lanƙwasa na amsawa, da hannu ake magana. Haka asirinsa ya rufu shekara huɗu.

Matarsa kaɗai ta sani. Ta daina yi masa magana daga ɗaki, sai ta zo ta tsaya a gabansa yadda zai ga bakinta.

"Baban yara, ka je a duba ka mana."

"In likita ya rubuta, ofis takardar za ta je. Daga nan kuma ke da kanki kin san sauran."

Ana nan sai ƙungiyar masu masana'antun ƙarfe ta zaɓi kamfaninsu a matsayin gwani wajen ingancin bututu, aka kuma ware lambar yabo ga ma'aikacin da ya fi ƙwarewa. Manaja ya ba da sunan Mai Guduma. Dogo, mai walda, abokin aikinsa tun suna samari, ya kama kafaɗarsa yana dariya.

"In sun miƙo maka, ka ƙwanƙwasa ta tukuna, kada su ba ka mai tsaga."

Ranar bikin da la'asar aka kai shi wani babban zaure mai shimfiɗa da kujeru masu farar riga. Ba Dogo, ba kowa nasa. An ajiye shi can baya cikin baƙin fuskoki, mai sanarwa kuma yana nesa, abin magana ya rufe masa baki. In ya ga ana tafi sai ya yi tafi.

Sau uku aka kira sunansa. Yana zaune, hannuwa a kan gwiwa. Manaja ya taso ya zagayo ta bayansa, ya sunkuya ya yi masa magana a kunne. Bai motsa ba, sai da aka taɓa shi ya zabura. Yana waiwayowa ya ga yadda Manaja ke kallonsa, ya san ta ƙare. Ya hau ya karɓi lambar, aka ɗauki hoto.

Da sati ya zagayo aka tura shi asibitin kamfani. Aka kuma kawo na'ura aka sake gwada duk bututun da ya sa wa hannu da ke cikin sito. Ba a sami mai tsaga ko ɗaya ba.

"Ranka ya daɗe, ai ka gani," ya ce wa Manaja. "Hannun yana ji."

Manaja ya rubuta amsarsa a takarda ya turo masa: ba laifinka, amma doka ba ta yarda kurma ya tsaya kusa da inji ba.

Yanzu yana wajen surukinsa mai sayen tsofaffin ƙarfuna, yana ware mai tsatsa daga mai sauran amfani. Maganarsa ta ragu, don ya lura in ya buɗe baki mutane na ɗan ja da baya, ashe ihu yake yi bai sani ba. Dogo ya zo gaishe shi sau biyu. Suka zauna a ƙofar gida, Dogo na ba da labarin rumfa, shi kuma yana gyaɗa kai a inda bai kamata ba. A karo na uku sai saƙon gaisuwa ya aiko ta hannun matarsa.