Maganar da Na Kai Ƙauye a Bakina

Wautata ita ce na yi shekara arba'in da ɗaya da mace a ɗaki ɗaya ban koyi ko "sannu" da yarenta ba. 'Yar ƙabilar Gungawa ce, ni kuma ɗan kasuwar kifi a Yelwa, wanda aka kora daga aji uku saboda kwaikwayon tafiyar malami. Kwaikwayo dai shi ne ilimina. In ciniki ya yi sanyi, sai in hau kan kwandon banda in yi yadda matata ke faɗa da 'yan'uwanta da Gunganci, ba tare da na san ma'anar kalma ɗaya ba. Har masu kabu-kabu kan kashe mashin su saurara. A gida ma haka nake yi, yara na dariya. A hankali ta daina yin yaren a gabanmu. Cikin 'ya'yanmu shida babu mai jinsa.

Bara ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama ta. Da bakinta ya buɗe, Hausa ta tafi gaba ɗaya, Gunganci kawai ya rage.

Ga ni da furfura na koma ɗalibi. Na sayi littafin rubutu, duk Laraba in hau mashin zuwa ƙauyen yayarta a wajen Ngaski, ta koya mini yadda ake cewa ruwa, kunu, ciwo, juya ni. Da dare in zauna gefen gadon da tocila ina bita har rubutun ya fara rawa. Sai tunani ya yi ta yawo da ni. Ina Hausar ta shiga? Duk cinikin da ta yi da ita, duk faɗan da ta yi mini, a ce babu ko ɓurɓushi? Ko dama aro ta ɗauke ta? Da wane yare take mafarki duk shekarun nan, ina kwance kusa da ita ina minshari?

Cikin dare takan yi doguwar magana wadda babu ita a littafina. Rubutuna ba ya kama ta, sai na koma ga abin da na iya. In ta faɗa in maimaita, da muryarta, da inda take ja da inda take saukewa, don ya zauna. Na lura duk sanda na yi haka sai ta kalle ni ta faɗi wata magana guda, kullum ita, ta juya fuska bango. Na ce lallai wannan ce muhimmiyar. Wasiyya ce ko wani abu take so.

Da asuba na ɗauko maganar a baki. Ban gaisa da kowa a hanya ba don kada ta zube. Mai mashin yana ta ba ni labarin tsadar mai, ni ina ta motsa leɓe.

Na tarar da yayar tana juya kifi a kan banda. Na durƙusa na ce, "Yaya, saurara," na sauke mata maganar yadda na ɗauko.

Ta ajiye sandar hannunta. "Wa ya ce maka haka?"

"Ƙanwarki. Kullum dare."

"Kana mi lokacin?"

"Ina maimaita abin da ta ce, don in kawo miki."

Sai ta ce, "Cewa take, ko yanzu ma ba ka bari ba? Ko ina kwance?"

Na buɗe baki in ce karatu nake, sai na ga ba ita ya kamata in gaya wa ba, wadda ya kamata kuwa ba ni da kalmomin. Kwana goma sha biyu suka rage wa matata a duniya, ban sani ba. Yaya ta goge hannu a zane, ta jawo littafin daga aljihuna, ta ɗora mini a gwiwa.

"To, Malam ɗalibi," ta ce, "mi kake so in koya maka ka ce mata?"