Hancin aro

Wautar da na tafka ba ta wuce kalma huɗu ba, amma ta hana ni cin tuwo ranar, ni da ake ɓoye wa tukunya.

Kakana ya zo gidanmu a Luggere lokacin da 'yan bindiga suka ƙone ƙauyensu. Kakata ba ta fito da rai ba. Abin da ya iso da shi rigar jikinsa ce da kwalbar giyar wiski, kyautar wani likita Bature da ya yi wa direba. Ya ce ba zai sha ba sai a ƙofar gidansa. Tun hayaƙin ranar kuma hancinsa ya daina jin komai.

Wata Lahadi bayan coci ya kira ni ɓarawon matarsa, kamar yadda ya saba tsokanata, ya ce in ara masa hanci. Ya cire murfin kwalbar. Wai a gangar giyar inabi aka tsufar da ita, hatsin da aka yi ta da shi kuma da hayaƙin wata baƙar ƙasa aka busar.

Na shaƙa, na faɗi ƙasa ina shure-shure, na rantse gashin hancina ya ƙone har ƙeya. Ya yi dariya har da tari. Na ce akwai dabino, akwai ɓawon lemo, akwai kek ɗin Kirsimeti da ya kwana a akwati. Ya tambaya ko da hayaƙi.

Na ce, "Kamar an ƙone gari."

Bakina ya riga kaina. Ya daɗe yana kallon kwalbar.

"Abokina, gari ba haka yake wari ba. Sake shaƙa."

Na sake, ban yi shure-shure ba. Hayaƙin ɗan kaɗan ne, can ƙasan zaƙin. Na ce kamar zanen mace da ta tashi daga murhu. Ya gyaɗa kai, ya ce in ƙara faɗa.

Daga nan kowace Lahadi sai na shaƙa masa. Na yi ta ƙara gishiri, har kifin Binuwai na taɓa ji a ciki, amma zanen yake jira. In na faɗa sai ya rufe kwalbar, ya tambayi Baba ko hanyar ƙauyensu ta buɗe.

Ya rasu da damina a ɗakinmu, kafin ta buɗe. Kwalbar tana saman kabad ɗin Baba, cike.