Inna Ko Jar Saniya

Ina koyarwa a Tambuwal lokacin da ƙanena ya ɗora wa wata manhajar waya aikin rubuta masa saƙo. Shi yana ƙauyenmu a ƙasar Kebbe, tare da Inna da shanu. Yakan zuba mata magana, ita kuma ta taƙaita ta tsara.

Wata Laraba ina cikin aji saƙonsa ya shigo: "Inna ta kai jar saniya mashaya. Ta zame a gangare ta karye. Ba ta ƙara tashi ba."

Ko ɗalibai ban sallama ba. Na hau babur na bi muguwar hanyar ƙauyenmu ina kuka ina salati, har na faɗa wani rami na ɗaye gwiwa. Da na shiga gida sai na tarar da Inna zaune a tabarma tana kasa nama.

Na damƙi wuyan rigar ƙanena. "Wa ta karye?"

"Saniya mana, Yaya. Ni saniya na ce wa manhajar. Ita ta ga tunda an ambata a sama, ba sai an maimaita ba."

"Abin da bai iya bambanta uwa da dabba ba, shi ka ara wa bakinka?"

Ya ce ni ne ban iya karatun zamani ba. Da Inna ba ta shiga tsakani ba, da wayar ta kwana a rijiya.

Har yau ba na buɗe saƙonsa. In yana da magana, ya kira ni.