Wata Bakwai da Murya Kaɗai

Ranar Laraba, tara ga watan jiya, da hantsi, mijinki ya kira ni ya ce Allah ya yi miki rasuwa a asibiti. Ina zaune a teburin karatuna. Na rubuta lokacin a gefen takarda, domin na rasa abin da zan yi da hannuna.

'Yata, shekara goma sha ɗaya kika yi kina kula da layukan intanet na kwalejinku. Da kika kama aiki, darasin bidiyo ɗaya ake tura wa kowane ɗalibi daban: ɗalibai ɗari uku, kwafi ɗari uku, layi ya cushe, hoto ya tsaya cik. Kika gyara shi ya zama kwafi ɗaya ke fita, sai ya kusa ɗakunan karatu ya rabu zuwa ga waɗanda suka nema. Kin zana mini wannan a bayan ambulan ɗin wasiƙa, kina tsokanata cewa ko farfesan tarihi irina zai gane. Wani malamin kwalejinku ya zo gaisuwa ya ce tun daga lokacin bai ƙara maimaita darasi saboda layi ba.

Wata bakwai kafin rasuwarki kika daina kirana da bidiyo. Kika ce layin gidana ba shi da ƙarfi, hoto kuma yana cin ninkin ba ninkin abin da murya ke ci, shi ya sa kiranmu ke katsewa. "Baba, mu bar hoton, muryarka ta ishe ni." Gaskiya kika faɗa, kiran bai sake katsewa ba, har na yaba basirarki a gaban abokaina. Sai bayan an binne ki mijinki ya shaida mini cewa a watan ne magani ya fara zubar miki da gashi, kika rame, kika hana kowa sanar da ni, ganin ni kaɗai ne a gida tun rasuwar mahaifiyarki.

Shekara arba'in ina koya wa ɗalibai kada su tsaya a amsar farko, amma ban yi miki tambaya ta biyu ba. Na nemi in yi fushi da ke, na kasa. Na yafe miki ɓoyewar. Ke ma ki yafe mini saurin gamsuwa.

Allah ya jiƙan ki, ya sa jinyarki ta zama kaffara, ya haskaka kabarinki. Ga mijinki da 'ya'yanki biyu, Allah ya ba ku haƙuri, ya raya marayu. Ni kuwa roƙona ɗaya ne: ya Ubangiji, ka nuna mini fuskarta a Aljanna, tana cikin ƙoshin lafiya.